Sayen risibar sinimar gida da ɗan kuɗi: inda aka fi tafka kuskure

Babu abin da ke ruɗar mai saye kamar lambar wat da aka rangaɗa a jikin kwalin risiba, wato akwatin da ke karɓar sauti da hoto ya raba wa sifiku da talabijin. Ka ga an rubuta wat 140 ga kowace tashar sauti, wato layin da ke ciyar da sifika ɗaya, sai ka ɗauka ka samu saniya a kuɗin akuya. Buɗe shafin bayanai na littafin na'urar ka duba. Sau da yawa an auna wannan lamba ne da tasha ɗaya tak tana aiki, a kan sauti guda na 1 kHz, da sifika mai om 6 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga lantarki), kuma an ƙyale gurɓacewar sauti ta kai kashi 10 cikin ɗari. Fim kuwa ba haka yake tafiya ba. Lambar da za ka riƙa ita ce wadda aka auna da tasha biyu a tare, daga 20 Hz zuwa 20 kHz, a om 8, gurɓacewa ƙasa da kashi 0.1. A nan sai ka tarar 140 ɗin ta sauko wajen 75.

Kuma ko da lambar gaskiya ce, ba ta kai a tayar da jijiyar wuya a kanta ba. Sai ka ninka wat sau biyu kafin ƙara ta ƙaru da desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙara). Tsakanin wat 80 da 100 desibel ɗaya ne kawai, da kyar kunne zai lura. Sifika ce ke da ta cewa: akan rubuta ƙarar da kowace ke fitarwa da wat ɗaya, kuma mai desibel 90 rabin ƙarfi take buƙata ta kai inda mai 87 ta kai. Shi ya sa nake ganin babbar asara ita ce a juye yawancin kuɗin a kan risiba, sannan a tsinto sifiku da canjin da ya rage. A yi akasin haka. A ba sifikar tsakiya muhimmanci, domin ta nan yawancin maganar 'yan wasa ke fita, sai kuma wufa, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Wufar ta zama mai amfilifayarta a ciki, don kafar da risiba ta ware mata sigina kawai take aikawa, ba ƙarfi ba.

Wasu kuma yawan tasha ke ɗaukar musu hankali. Ɗakin da sifika biyar ma da kyar za su samu wurin zama, me zai yi da tara? Amma in Dolby Atmos kake so, wato tsarin da sauti ke zuwa har daga sama, sifika biyar da wufa ɗaya da sifika biyu a sama, tsarin 5.1.2 ke nan, kuma sai da risiba mai tasha bakwai.

Akwai masu jin an ce firi'am ya fi tsaftar sauti, su saya, su jona sifiku su ji shiru. Firi'am ba shi da amfilifaya, sarrafa sauti kawai yake yi, sai an haɗa masa wani akwatin mai ba da ƙarfi, ga kuma wayoyi. Ga mai ƙaramin aljihu risiba ta fi. In kana da niyyar ƙara amfilifaya nan gaba, leƙa bayan na'urar tun yanzu ka ga ko akwai kafofin fitar da sigina na sifikun gaba. Yawancin masu araha ta wufa kaɗai suke da ita.

Batun HDMI, wato kafar da hoto da sauti ke bi, ya fi cizon masu sayen kwance. Tsohuwar risiba na iya zama lafiya ƙalau a sauti, amma in ba ta da HDCP 2.2, wato tsarin hana satar fim, ba za ta wuce da finafinan 4K masu kariya ba. In daga talabijin sautin zai dawo risiba, nemi eARC, sabuwar hanyar mayar da sauti ta HDMI, don ARC na da ba ya ɗaukar Dolby TrueHD, wato sautin fim mai cikakken inganci. Masu wasan bidiyo kuma su yi hattara da wasu risibobin Denon, Marantz da Yamaha na 2020, waɗanda suka fito da matsalar nuna 4K a 120 Hz daga na'urar wasa ta Xbox Series X. A tambaya ko an gyara.

Duba ƙarfin wutar da aka rubuta a bayanta: wadda aka yi don volt 120 ba a jona ta da soket mai volt 230. Kada kuma a cusa ta cikin kabad a rufe, zafi zai sa ta riƙa kashe kanta.

Sai ɗan makirufon nan da ke zuwa cikin kwali, wanda mutane da yawa ko ledarsa ba sa cirewa. Da shi risiba ke auna ɗakin, kuma sunan tsarin awon ya bambanta: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. Kafa shi daidai tsayin kunnen mai zaune, yana kallon sama, ba a hannu ba, ba kuma jingine da bayan kujera ba. Kashe fanka, rufe ƙofa, a yi tsit. In ta gama, shiga saiti ka duba abin da ta zaɓa, domin takan lissafa ƙananan sifiku a matsayin manya. Mayar da su ƙanana, ka sa mararrabar sauti a 80 Hz, yadda duk wani kauri da ke ƙasa da haka zai tafi wufa.