Cike tsagar akori-kurar roba da bekin soda

'Yan uwa masu haɗa ƙananan motocin roba, in kun yanke bayan akori-kura don rage tsawonta, kada ku sayi abin cike mai tsada don toshe tsagar da ta rage a wurin haɗi.

Ku zuba bekin soda cikin tsagar, ku ɗiga sufa gulu a kai. Nan take zai daskare, domin sodar tana hanzarta bushewar gam ɗin. Haka na gyara wata Hilux mai ma'aunin 1:24 (wato kashi ɗaya cikin 24 na tsawon motar gaske), da sodar da na saya wajen masu kayan kek a kasuwar Wunti ta Bauchi.

Ku goge da sanfefa kafin awa ɗaya. In ya kwana ya fi robar tauri, sai ku cinye jikin motar wajen gogewa.

Kada ku kusantar da shi ga gilashin motar, tururin gam yana mayar da shi fari. Haɗin sodar da gam ɗin kuma yana ɗaukar zafi, ku kula da yatsunku.