Yadda ake duba tsohuwar mandolin mai lantarki kafin a saya

Mandolin ƙaramar kayan kiɗa ce mai tsirkiya takwas, biyu-biyu a jere huɗu, wadda ake ɗaure ta da muryoyi irin na gogen Turawa, wato G, D, A da E. Ba kasafai ake ganin ta a Maraɗi ba, amma takan ɓullo a cikin kayan gwanjo da ke shigowa ta Kwatano, ko a hannun makaɗan jita da suka dawo daga tafiya. Wanda ya ci karo da tsohuwa mai aiki da lantarki ya kamata ya san abin da zai duba, domin a ƙasa mai hunturu irin tamu lafiyar katakon ta fi ƙyallin fenti muhimmanci nesa ba kusa ba.

Mataki na farko shi ne gane ƙirar da ke hannunka. Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da EM-150 a 1936, mai ƙoƙo a ciki da tsirkiya takwas, wadda za ta yi sauti ko ba a jona ta ba. A 1954 ya ƙara da EM-200 mai dunƙulallen katako. Kamfanin Fender kuwa ya fara tasa a 1956 ya daina a 1976, kuma ita tsirkiya huɗu kawai gare ta, jikinta kamar ƙaramar jitar lantarki, shi ya sa masu sha'awarta ke ce mata Mandocaster, wato haɗin kalmar mandolin da sunan jitocin Fender masu ƙarewa da caster. Saboda haka idan ka ga huɗu a kan ta Fender kada ka ɗauka an cire wasu; haka aka ƙera ta. Na farkon ƙirar Fender suna da wuya na farin katako gaba ɗaya, sai daga wajen 1959 aka fara shimfiɗa katako mai duhu inda yatsu ke dannawa.

Daga nan sai wuya, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka. Ɗaga ta zuwa saitin ido, ka leƙa daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar sanda. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, amma wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, gyaransa yana da wuya ƙwarai, kuma a ganina ya isa dalilin fasa ciniki. Ka danna tsirkiya a ƙarfen farko da na ƙarshe cikin ƙananan ƙarafunan da aka jera a gicciye a kan wuyan, lokaci guda, ka ga tazarar da ta rage tsakanin tsirkiyar da ƙarafunan tsakiya: ya kamata ta zama ƴar siririya, kamar kaurin takarda ɗaya ko biyu. Sannan ka shafa yatsa a gefen wuyan. Idan bakin ƙarafunan yana kartar fata, alama ce katakon ya sha bushewa ya tsuke, abin da iskar Disamba da Janairu ke yi wa duk wani katako a garin nan. Ka juya ta ka duba bayan kai, inda wuya ya fi siranta, domin a wurin ne kayan Gibson suka fi karyewa idan sun faɗi, kuma tsohon ɗinki da gam yakan bayyana a hasken rana ko da an rufe shi da fenti.

Ga mai ƙoƙo, sai ka duba fuskarta a ƙarƙashin jaki, wato ɗan itacen da tsirkiyoyi ke hawa. Tsirkiya takwas na ƙarfe suna danna wurin shekara da shekaru, kuma idan fuskar ta lotsa, ko ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji wani abu na karkarwa a ciki, to wata maƙallar ciki ta saki. Dole ne a bambanta tsagewar katako da tsagewar fenti. Tsohon fentin da ake shafa wa waɗannan kaya yakan yi ƙananan zane-zane kamar busasshen tabki, wannan kuwa shaidar tsufa ce, masu tara irin kayan ma sun fi son sa a kan sabon fenti. Tsagar da ke bin jijiyar katako, wadda ke buɗewa idan ka danna gefenta, ita ce abin tsoro.

Akwai wani lahani da mutane da yawa ba sa lura da shi. Robar da ke kare fuska da wadda ta kewaye gefe, a tsofaffin kaya, galibi wata irin roba ce mai suna seluloyid, kuma idan ta fara ruɓewa takan farfashe tana fitar da iskar da ke cin ƙarfe. Tsatsa ko kore-kore a ƙarafunan da ke kusa da robar kaɗai, alhali na nesa suna lafiya, shi ne alamarta.

Sai ɓangaren lantarki. Ka jona ta da amfilifaya, ka taɓa kan maganaɗisun ɗaukar sauti da bakin sukundireba a hankali, ka ji ko zai amsa da ƙara. Ka murɗa maɓallan ƙarfi da na murya daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar karce-karce idan ana murɗa su yawanci ƙura ce, mai gyaran rediyo zai wanke ta. Ɗan gunji ba ya rasuwa a maganaɗisu mai naɗi ɗaya irin P-90 na Gibson, amma ya kamata ya ragu idan ka ɗora hannu a kan tsirkiyoyi. In an ba ka izinin buɗe ciki, lambobin da ke bayan maɓallan za su taimaka wajen sanin shekaru: ukun farko na nuna kamfanin da ya ƙera maɓallin, 137 na nufin CTS, 304 na nufin Stackpole, sauran kuma shekara da mako ne, don haka 1376512 na nufin CTS ya ƙera shi a mako na 12 na shekarar 1965. Sabon likin dalma mai ƙyalli yana nuna an canza wani abu, kuma hakan na rage daraja ko da sautin bai lalace ba. Idan tare da tsohuwar amfilifayar Amurka aka kawo ta, kada ka kuskura ka soka ta a bango kai tsaye, domin wutarmu 220 ce, tasu kuwa wajen 110 zuwa 120, sai da taransifoma.

Bayan an gama ciniki, ka ajiye ta a cikin akwatinta, nesa da taga da rufin kwano, kada kuma ka bar ta a mota lokacin zafin Afrilu. Katako ya fi son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, don haka da hunturu ka sa ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji a kusurwar akwatin, ba tare da ya taɓa jikinta ba, kana sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku. Da damina ta sauka sai ka cire soson, ka riƙa goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa.