Ɗakin shanya ganyen ƙamshi: a fara da hanyar iska

Jama'a, masu shanya na'a-na'a, ɗoɗɗoya da sauran ganyayyakin ƙamshi a ɗaki, ku lura da iska kafin zafi. Ɗanyen ganye yawancinsa ruwa ne, kuma ruwan nan cikin iskar ɗakin yake komawa. In ba shi da mafita, fumfuna ce za ta biyo baya.

Ku bar kafar shigar iska ta ƙasa, ku sa ƙaramar fanka mai zuƙo iska waje can sama a bangon da ke fuskantarta, domin iska mai ɗumi da laima sama take tashi. In kuwa akwai wata fanka mai kaɗa iska a cikin ɗaki, kada ta kalli ganyen kai tsaye. Ku juya ta wajen bango. In iskarta ta bugi ganyen, bayansa zai bushe ƙayau, jijiyar tana jiƙe.

Don Allah ku nemi na'urar auna laima, ku rataye ta daidai tsayin ganyen. Laima ta zauna ƙasa da kashi 60, zafi kada ya haura digiri 35, saboda man da ke ba ganyen ƙamshi da zafi yake gudu. Hasken rana ma yana kashe launi, a sa labule.

Ku rataye ganyen dami ƙanana, da tazara tsakaninsu. Ku lanƙwasa kara: in ya karye ƙas, ya yi. Bayan an zuba a kwalba, in kuka ga gumi a jikin gilashi washegari, ku mayar da shi shanya.