Yadda Ake Jinyar Zazzaɓi Ba Tare Da Kalmomi Sun Ɓatar Da Mu Ba

A garuruwan Kebbi da ke bakin fadama, irin su Argungu da Yawuri, da wuya damina ta wuce ba tare da masassara ta kwantar da wani a gida ba, kuma binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna cewa kusan rabin ƙananan yaran jihar da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar maleriya. Duk da haka, matakin farko na jinya shi ne a daina kiran kowane zafin jiki da sunan maleriya. Zazzaɓi alama ce, kuma yana iya zuwa daga cizon sauro, ko ciwon huhu, ko ƙyanda, ko sanƙarau. Kafin a doshi kemis, a je asibiti a yi gwajin jinin ɗan yatsa, wanda sakamakonsa ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20.

Haka nan "maleriya da taifot" ta zama kalma ɗaya a bakin mutane, alhali taifot daga gurɓataccen ruwa da abinci take zuwa, kuma maganinta daban ne, sai likita ya rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne illa yana tsakanin "ya ji sauƙi" da "ya warke". Idan gwaji ya tabbatar da maleriya kuma aka ba da maganin Coartem ko makamancinsa, ana shan sa sau shida cikin kwana uku: na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran kuma safe da yamma. Galibi a rana ta biyu jiki yakan yi sanyi, mara lafiya ya nemi tuwo, sai mai jinya ya naɗe sauran ƙwayoyin a takarda ya cusa ƙarƙashin matashi domin wata rana. A lokacin ƙwayar cutar tana nan a jini, kuma za ta iya dawowa da ƙarfinta. A shanye maganin duka, kuma a haɗa shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo, domin haka jiki ya fi karɓar sa. Farasitamol zafi kawai yake saukarwa, ba ya kashe cutar.

A yawaita ba mara lafiya tsaftataccen ruwa, da kunu, da romo, a goge jikinsa da ruwan ɗumi maimakon a lulluɓe shi da barguna, sannan ya kwana cikin gidan sauro. Manomi kuma kada ya koma gonar shinkafa washegari don kawai ya iya miƙewa.

Idan idanu suka yi rawaya, mutane sukan ce shawara ce, su nufi mai saiwoyi, alhali hanta ce ko jini ke cikin matsala. Wannan, da jijjiga, da sanƙarewar wuya, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi, da yaron da ya kasa shan nono, duk a kai su asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.