Yadda ake koya wa ɗan China bambancin "bored" da "boring"

Duk wanda ya taɓa koyar da 'yan China turanci, ko a aji ko ta manhajar hira ta WeChat, ya san jimlar nan, "I am very boring". Bawan Allah na so ya ce zama ya ishe shi, sai ya ɓige da cewa shi ne mai gundurar mutane. Sababbin malamai sai su ce a'a "bored" ake cewa, ɗalibi ya gyaɗa kai, gobe ya sake maimaitawa.

Da farko ka san daga ina matsalar ta taso. A Mandarin, babban yaren China, kalma ɗaya ce, wuliao, take ɗaukar duka biyun, da ita mutum zai ce ya gundura kuma da ita zai ce fim ba daɗi, ba abin da ke canzawa a jikinta don yarensu ba ya liƙa wa kalma wutsiya irin ed ko ing. Ka faɗa masa haka tun ranar farko, hankalinsa zai kwanta.

Na biyu, kuma nan ne ake yin ɓarnar. Don Allah kar ka ce masa ing na abubuwa ne, ed na mutane. Ana yawan faɗin haka saboda sauƙi, kuma ɗalibin da ya sha haddar gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta China, zai riƙe ta gam kamar karatun allo, to ranar da ya ci karo da "my teacher is boring" sai kansa ya ɗaure, ga mutum kuma ga ing, alhali jimlar daidai take. Abin da za ka yi, zana mutum biyu a takarda, ɗaya na surutu ɗaya na hamma, ka ja kibiya daga mai surutu zuwa mai hamma. Inda kibiya ta fito shi ne "boring", inda ta sauka shi ne "bored". Sai ka goge mai surutun ka sa littafi, ka goge ka sa mitin ɗin ofis, kibiyar na nan yadda take. Ni ba na yarda a ambaci sunayen nahawu a wannan matakin sam, ɓata lokaci ne.

Sai furuci. Gaɓar Mandarin ba ta ƙarewa da d, shi ya sa "bored" ke fitowa "bo" ko "bode", amma ing tana bakinsu dama, ai ga ta nan a ƙarshen sunan Beijing, to sai bakin ya gudu wajen mai sauƙi ko da ƙwaƙwalwa ta san daidai. Ka sa ya riƙa haɗa ta da kalmar da ta fara da wasali, "bored at home", "bored in class", ya turo maka a saƙon murya kullum. Ba sai ya sayi wani littafi mai tsada ba, ƙamus ɗin Pleco kyauta ake saukewa a waya.

Ka kuma sa ido kan "I very bored", su a yarensu hen suke sawa, wato very, ba sa buƙatar am. Idan wannan ta zauna sai ka jero masa interested, excited, tired da 'yan uwansu masu ing a zama ɗaya, kibiyar dai ita ce.