Na'ura ba ta ɗanɗana ruwa: kurakuran masu safiyo wajen gano zartsi a Sakkwato

Wani dattijo manomin albasa a fadamar Rima ya taɓa miƙo mini kofin ruwa daga sabuwar rijiyar burtsatsen da sai da ya sayar da shanu biyu ya haƙa ta. "Ɗana, kurɓa ka ji," in ji shi. Ina kurɓa zartsi ya kama mini harshe. Bakin kwamin albasarsa ya yi fari fat kamar an barbaɗa toka, kan ganyen duk ya ƙone. Masu safiyo sun zo da na'urarsu, sun ce masa ruwa na nan jingim. Kuma akwai ruwan. Irinsa ne ba su bincika ba.

Na'urar nan ba ta ganin ruwa, ba ta ganin gishiri. Turaku huɗu na ƙarfe ake kafawa a layi, biyun waje su tura wutar lantarki cikin ƙasa, biyun ciki su auna yadda ƙasar ta turje mata. Busasshen yashi yana turjewa ƙwarai, yashi mai ruwan daɗi ya sassauta, ruwan gishiri kuwa wuta ratsa shi take yi salin-alin. Da om-mita ake auna wannan turjiya: ruwan teku kusan om-mita 0.2 ne, ruwan daɗi kan kai 10 zuwa 100.

Babban kuskure, wanda ya fi ci mini rai, shi ne a ga lamba ta faɗi ƙasa a yanke hukunci nan take. Wani ya ce ruwa ne mai yawa, wani ya ce zartsi ne, alhali yumɓu ma haka yake nunawa. Kuma ƙasarmu cike take da shi. Ƙarƙashin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi akwai shimfiɗar Dange, laka ce mai ɗauke da jifsum, wani farin ma'adini da ke narkewa a ruwa. Can ƙasa kuma, tsakanin yashin Wurno da na Taloka, akwai lakar Dukamaje, ita ma da jifsum ɗinta. Idan na'ura ta ba ka om-mita 5, yana iya zama lakar da ba za ta ba ka ko bokiti ɗaya ba, yana iya zama yashi mai zartsi. Maganin abin ba ya cikin kwamfuta. Kafin ka kwance waya, zaga rijiyoyin da ke kusa da ɗan ma'aunin gishirin nan da ke shiga aljihu, ka auna ruwansu, ka tambayi zurfinsu. Tsofaffin mahaƙa rijiya sun san a gaba nawa ake cin karo da laka, wace unguwa ce sabulu ba ya kumfa a ruwanta. Ka fara awonka kusa da rijiyar da ka san labarinta. In kana da na'urar da ke auna yadda ƙasa ke riƙe caji bayan an kashe wuta, yi amfani da ita, don laka tana riƙewa, yashi mai zartsi bai cika riƙewa ba.

Sai gajarta waya. Zurfin da na'ura ke hangowa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na tazarar turakun waje. Wanda ya shimfiɗa mita 200 ya ce ya ga abin da ke mita 120, ƙiyasi ya yi.

A bazara yashin saman nan bushewa yake ƙayau, wuta ba ta shiga, lambobi su riƙa tsalle. Buga turke ya nutse sosai, ka zuba masa ɗan ruwan gishiri a gindi, amma kada jiƙar wannan ta haɗu da ta wancan. Ka kuma nisanci taransifoma, shingen waya da bututun ƙarfe da aka binne.

Awo a wuri ɗaya tak ma yaudara ce a fadama. Zartsi tsibi-tsibi yake zama: inda ruwan ban-ruwa ke kwanciya rana ta shanye shi, nan gishiri ke taruwa, taku hamsin gaba kuma tsohuwar hanyar gulbi ce mai ruwan daɗi. A ja layi ya ratsa gonar. Haka nan kada a gwada awon ƙarshen damina da na Afrilu a ce gishiri ya ƙaru. Zafi kaɗai yana ƙara wa ruwa saurin ɗaukar wuta da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri, shi ya sa ake mayar da lissafi kan digiri 25.

Ko zanen da kwamfuta ta fitar ya yi kyau, siririyar shimfiɗa mai gishiri sosai da mai kauri mai gishiri kaɗan suna iya ba da zane iri ɗaya. Don haka ranar haƙa mai safiyo ya tsaya a wurin, yana duba ƙasar da ke fitowa, yana auna ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan da narkakken gishirinsa ya haura miligiram 1,000 a lita yakan fara gagarar sha, albasa kuwa tana cikin amfanin gonar da ba sa jure gishiri. Idan an ratsa shimfiɗa mai zartsi kafin a kai ga ta daɗi, a toshe ta da siminti, a sa bututu mai tsaga a daidai ta daɗin kawai. Abin da ba a yi wa dattijon nan ba ke nan, ruwan sama da na ƙasa suka gauraya a rami ɗaya.