Yadda Ake Tantance Masaƙar Algarara ta Gwamnati Kafin a Karɓe Ta Haya a Bangladesh

A 1972 gwamnatin Bangladesh ta ƙwace masaƙun algarara daga hannun masu su, ta danƙa su ga hukumarta mai kula da masaƙun algarara, wadda aka sani da BJMC. Asara ta yi ta taruwa har aka rufe masaƙar Adamjee ta Narayanganj a 2002, wadda a da babu kamarta girma a duniya, sannan a Yulin 2020 aka rufe sauran 25 da suka rage a hannun gwamnati, aka sallami ma'aikatan dindindin kusan 25,000. Daga nan gwamnati ta koma ba da su haya ga 'yan kasuwa, filaye da gine-gine kuma suna nan a hannunta.

Mai niyyar karɓar ɗaya daga cikinsu ya fara da littattafan sayen ɗanyen kaya tun kafin ya leƙa ɗakin injuna, domin a nan ne yawancin ɓarnar ta faru. Ana yanke shukar da ake yin algarara da ita ne tsakanin Yuli da Satumba, a jiƙa ta a ruwa, a saɓule zaren. Kuma nau'in da ake kira tosa ba wani abu ba ne illa lalon da muke miya da shi. A wannan kakar kaya ke araha, amma a lokacin da gwamnati ke gudanar da masaƙun, sau da yawa kuɗinta ba sa isowa sai kakar ta wuce, sai masaƙa ta koma saye da tsada daga dillalan da suka riga suka ɓoye kaya. Saboda haka ya duba watan da aka yi saye a kowace shekara, da farashin, da darajar zaren da aka rubuta, ya gwada da nauyin abin da aka saƙa. Idan giɓin ya yi yawa, to an sayi jiƙaƙƙen kaya ne ko mara kyau da kuɗin mai kyau. Shi kuma ya tanadi jarin sayen kayan shekara guda tun kafin watan Yuli, in ba haka ba ramin da gwamnati ta faɗa shi ma zai faɗa.

Sai injuna. Da yawansu an girka su tun shekarun 1950 da 1960, don haka ya kawo injiniyansa ya ƙirga masu tashi, ya ƙyale adadin da ke takarda.

Batun ma'aikata na bukatar hattara, musamman a birnin Khulna, inda masaƙu irin su Crescent da Platinum Jubilee suka sha ganin yajin aiki kan albashin da aka riƙe. Lallai yarjejeniya ta fayyace cewa tsohon bashin haƙƙoƙi yana kan gwamnati.

Kasuwa ce za ta nuna abin da ya dace a saƙa. Dokar 2010 ta wajabta zuba shinkafa, alkama, masara, sukari da taki a buhun algarara, sai dai buhun leda ya fi araha kuma ba kullum ake bin dokar ba. Indiya ta ƙara haraji kan kayan algarara na Bangladesh a 2017, masu saƙa darduma a Turkiyya kuwa zare suke saye. A ganina, dogara ga buhu kaɗai kasada ce.

Kafin ya sa hannu, ya tabbatar wa'adin hayar zai isa ya mayar da kuɗin sababbin injuna, an kuma rubuta wanda zai mallake su ranar da wa'adin ya ƙare.